Duwatsun Awon Malum Tahir

In ka shiga babbar kasuwar Garwa ta ƙofar da masu babur ke tsayawa, ka wuce 'yan atamfa, ka karya hagu zuwa layin 'yan zinare, a can ƙarshe za ka ga wata 'yar rumfa wadda mutum uku ba za su zauna a ciki su miƙe ƙafa ba. Akwai tsoho a ciki, dogo, siriri, da tabarau mai ɗaure da zare. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Malum Tahir mai gyaran sikeli. Ni ce Sadiƙa, mai teburin turaren wuta da ke kallon rumfar tasa. Na yi masa alkawarin ba zan buɗe baki a kasuwa ba, ban kuwa buɗe ba. Amma ban yi alkawarin zan mutu da maganar a cikina ba.

Kakanmu daga Kano ya taso da fataucin kanwa, ya iso bakin Binuwai, wuri ya yi masa, ya zauna. Tun daga nan duk wanda aka haifa a gidanmu da ciniki a bakinsa yake zuwa duniya. Ban da Yaya. Baba ya zaunar da shi a shago yana saurayi, mai saye zai ɗauki turmin atamfa, shi kuma ya ce masa wannan tana zuba in an wanke, gara ka duba ta maƙwabcinmu. Baba ya yi faɗa, ya yi duka, ya yi addu'a, duk a banza. Daga ƙarshe ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani Mesiye Léandre, mutumin kudu da ya taɓa aikin duba awo a gwamnati, ya ajiye ya buɗe wurin gyaran sikeli. Baba ya ce ga shi nan, tunda gaskiya ce ciwonsa, a koya masa aikin da za ta ci da shi.

Aikin ba wani abu ba ne a ido. Kowane mai sikeli yana da duwatsun awonsa, duwatsu kuwa suna tsatsa, suna gogewa, suna faɗuwa ƙasa su ɓalle. Sai a kawo wa Yaya, ya ɗora na mutum a faranti ɗaya, ya ɗora nasa a ɗaya, ya zuba wa allurar ido. In na mutum ya yi sauƙi ya ƙara masa darma a ramin gindinsa, in ya yi nauyi ya ɗan rage, har allura ta tsaya cak a tsakiya, sannan ya buga 'yar alamarsa. Nasa duwatsun su ne alƙalai, ba a tambayarsu. Manyan na baƙin ƙarfe ne, na sikelin auduga da masara. Ƙananan kuwa na tagulla ne, a cikin akwatin katako mai shimfiɗar jan ƙyalle, kowanne da gurbinsa, daga mai girman kofin shayi har wanda bai kai ƙwayar wake ba. Mesiye Léandre ne ya bar masa su ranar da zai koma garinsu. Da waɗannan ƙananan yake daidaita awon 'yan zinare, kuma ko ma'aikatan kontirol, masu duba awo na gwamnati, in sun ga alamarsa a jikin dutse wucewa suke yi.

Tare da akwatin ya gaji wata doka da ta cinye masa rayuwa: ba ya cin abincin duk wanda yake da sikeli. Ba shayi, ba goro, ba naman suna, ba buɗa-baki. To, a garin da rabin danginka 'yan kasuwa ne, wa ya rage maka? Lokacin auduga in aka kira shi Touboro ko ƙauyukan hanyar Ngong, da dabinonsa da busasshen burodinsa yake tafiya, ya kwana a masallaci, mai masauki ya yi ta roƙo har ya gaji ya yi fushi. Kawunanmu suka ce girman kai ne. Na sha ce masa, Yaya, lomar tuwo ɗaya ba za ta karkatar da allura ba. Sai ya ce ba allura yake tsoro ba, idonsa yake tsoro. Mutane suka daina gayyatarsa, amma in gardama ta tashi kan awo, daga layin mahauta har na 'yan zinare kalma ɗaya ce, a kira Malum. Bai tara komai ba, gidan ma na gado ne. Wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka.

Matarsa Mairamu Bafulatana ce daga wajen gari, mace mai sanyi, wadda sai ka matso kafin ka ji abin da take cewa. Allah bai bar musu haihuwa ba, ciki yakan zo ya zube. Gidan da ba yara, ba baƙi, ba mai shigowa da tsakar rana ya ce a zubo masa, sai ta juya kan tsabta. Tsintsiyarta ma wanke ta take yi. In ka shiga gidan nan sai ka ji kunyar ƙafarka. Na so ta ƙwarai, kuma nakan tausaya mata, don zama da yayana zama ne da mutumin da ba ya ƙarya kuma ba ya hira.

Aboki ɗaya ya taɓa yi, Hamadu. Tare suka taso a unguwa. Hamadu ɗan barkwanci ne, mai dariya da dukan jiki, kuma abin da ya tsare abotar tasu shi ne huluna yake sayarwa, hula kuwa ba a auna ta. Kullum da azahar kwano ɗaya suke ci, Hamadu yana zuba surutu, Yaya yana gyaɗa kai. Sai Hamadu ya sami hanya ya koma cinikin zinare, ya buɗe shago a layinmu. Ranar farko da ya ajiye sikeli a kan kanta, Yaya ya janye hannunsa daga kwanon. In da wani ne, da ya ji haushi. Hamadu dariya ya yi har da hawaye, ya ce to shi ke nan, kowa ya zo da langarsa. Haka suka ci gaba, tabarma ɗaya, kwano biyu, kuma ni da nake kallonsu daga teburina nakan ji daɗi, don lokacin nan ne kaɗai nake ganin haƙoran yayana.

Wata shekara Hamadu ya yi tafiya ƙasar waje sarin kaya, ya dawo da sikelin lantarki mai batir, wanda ke nuna lamba a gilashi. Shi ne na farko a layin. Ba ya son duwatsu, ba ya son darma, ba abin da Yaya zai gyara a jikinsa. Hamadu ya riƙa tsokanarsa yana cewa ga wanda zai gaje ka nan, kuma shi yana shan shayin mutane. Yaya sai dai ya kalli abin ya kau da kai.

Ba a daɗe ba Hadje Nasiha ta zo. Dillaliya ce, ita ke fito da zinaren matan cikin gida in buƙata ta taso, kuma muryarta daga layin atamfa ake jinta. Ta kawo awarwaron wata mata da aka auna mata a shago biyu aka ce giram hamsin ne. Ta ɗora a na Hamadu, lambar ba ta kai hamsin ba. Ai kuwa ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu. Kafin ka ce me, layin ya cika. Hamadu ko a jikinsa, yana murmushi ma, shi da bakinsa ya ce a kira Tahiru ya raba gardama.

Yaya ya zo da akwatinsa. Ya ɗauko dutsen hamsin da hantsaki ya ɗora a kan sikelin. Lambar ba ta cika ba. Ya sauke, ya hure farantin, ya sake ɗorawa. Ya gwada na ashirin, ya gwada na goma, kowanne da ɗan giɓinsa. Ina tsaye a bayan wata mata, ina ganin zufa na bin wuyansa.

Hamadu ya ce, "Tahiru, duba da kyau."

Yaya ya ce, "Na duba. Sikelinka yana ci."

Maganar ke nan. Ya rufe akwati ya koma rumfarsa. Wallahi ranar na ji kamar in shaƙe shi. Na bi shi na ce ba za ka ja shi gefe ba, ba za ka ce a bari a sake dubawa gobe ba, mutumin da kuka sha nono kusan tare? Ya ce a gaban mutane aka tambaye shi. Na ce to ai sai ka ci gaskiyarka ka ƙoshi.

Mai sayen zinare da aka ce yana rage wa mata awo ya gama yawo. Ba wanda ya kai Hamadu ƙara, ba wanda ya zage shi a fuska, mata dai suka daina tsayawa a ƙofarsa. Ya jefar da sikelin ya sayi irin na kowa, ba ta canja komai ba. Kafin wata damina ya rufe shagon, ya kwashe iyalinsa ya koma Ngong yana sayar da masara a bakin titi. Bai yi wa Yaya sallama ba. Da azahar Yaya ya ci gaba da shimfiɗa tabarmar nan gaba ɗayanta, ya zauna a gefe ɗaya ya ci abincinsa.

Bayan wasu shekaru Mairamu ta kwanta a tsakiyar zafin bazara, zazzaɓi ne aka ce, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Na aro tabarmi tuli don zaman makoki. Ranar farko an zo, don ko ba komai Musulmi ne. Washegari rabin tabarmin a naɗe suka wuni. Mutumin da bai taɓa cin na kowa ba, wa zai zo ya zauna masa? Tun daga nan ni ke aika masa abinci, yana kuma ci, don turarena da cokali nake aunawa. Yakan koma gidan nan mai ɗaki uku shi kaɗai, ya share tsakar gida yadda take sharewa, ya kasa kaiwa inda take kaiwa.

Ana haka sai aka fito da doka cewa duk mai gyaran sikeli sai an gwada duwatsunsa da na gwamnati, waɗanda aka kawo daga kudu. Sauran masu sana'ar suka shiga ƙunƙuni. Yaya kuwa babbar rigarsa ta Juma'a ya sa. Wata Madam Jeanne ce gwamnati ta turo, yarinya mai hankali, da safar hannu fara da wani sikeli da ke zaune cikin gidan gilashi don kada iska ta taɓa shi. Ta kafa kayanta a rumfarsa. Na kai mata ruwan sanyi, na kuma ƙi tafiya, don ina so in ga yadda za a yabi yayana ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Manyan duwatsun baƙin ƙarfe lafiya lau suka wuce. Sai ya buɗe akwatin katako. Ta ɗora na farko, ta duba. Ta ɗora na biyu. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a gaban haske tana neman lambar da aka buga a kansa, lambar ta kusa shafewa, gefensa ya yi sumul kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Faransancina na kasuwa ne, amma na gane tambayar da ta yi: wa ke goge waɗannan? Ta ce dutsen awo ba a wanke shi, ba a dirje shi, in ya yi duhu a bar shi da duhunsa, don duk gogewa ɗaya da abin da take ɗauka. Ta ce dukansu sun rame, daga babban har ƙaramin.

Yaya ya sunkuya ya duba gefen dutsen. Sannan ya tambaye ta, in aka ɗora wannan na hamsin a kan sikeli mai gaskiya, me zai nuna? Ta juyo masa gilashin ya gani da idonsa. Daga yadda ya cire tabarau ya riƙe a hannu na san lambar da ya gani. Ita ce wadda sikelin Hamadu ya nuna.

Ni kuwa nan take Mairamu ta faɗo mini a rai. Ranar Juma'a ce kaɗai Yaya ke barin akwatin a gida. In ya tafi masallaci sai ta zauna a gindin dalbejiyarsu da jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka da soso, ta fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya ta dirje su yadda ake dirje tasar amarya, ta jera su a tire suna walƙiya, ta shanya, ta mayar da kowanne gurbinsa. Na sha tarar da ita tana yi, har in ce mata sannu da aiki. Wa ya san tagulla na ramewa? Kowace mace a Garwa haka take yi wa kayan tagullarta in tana son mai gidan.

Madam Jeanne ta ga halin da yake ciki, ta sassauta murya. Ta ce ba laifi ba ne, tsofaffin duwatsu sukan yi haka, za ta ce kawai sun gama aiki, ya sayi sababbi ya ci gaba da sana'arsa, ba wanda zai ji. Wato Allah ya buɗe masa ƙofa ya fita da mutuncinsa. Tana tafiya na ce masa, Yaya, ai Mairamu ce, na gan ta da idona. Ya juyo ya kalle ni, ya ce in rufe bakina. Tun da aka haife ni bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Bai bar ni na fita rumfar ba sai da na yi masa alkawarin sunanta ba zai fito daga bakina a kasuwar nan ba.

Washegari ya shiga motar Ngong. Abin da ya faru a can ba shi ya gaya mini ba, daga matar Hamadu na ji daga baya. Ya tarar da Hamadu a ƙarƙashin rumfar kwano tsakanin buhunan masara, ya tsufa fiye da shekarunsa, dariyar nan duk ta tafi. Ya yi sallama, aka amsa masa a taƙaice, ba a nuna masa wurin zama ba. A tsaye ya yi bayaninsa, ya ce sikelinka daidai yake, duwatsuna ne suka rame. Hamadu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ba a Ngong aka kashe shi ba, don haka ba a Ngong za a tashe shi ba.

Da ya dawo ya gaya mini abin da zai yi, na ce ka yi hauka ne? Na ce aika wa Hamadu da manya a ba shi haƙuri, a yi a cikin gida. Na ce ko ka faɗa, faɗi yadda abin ya faru, kowa zai gane, har dariya za a yi, a ce aikin mata ne. Ya ce to. To ɗin yayana kuwa na san shi, ma'anarsa ya ji, ba zai yi ba.

Hamadu ya zo Garwa ranar da Yaya ya roƙe shi ya zo. Bayan sallar la'asar, 'yan layin suna zaune kan tabarminsu a ƙofar shaguna ba su watse ba, Yaya ya miƙe da akwatin a hannu. Mutumin da bai taɓa miƙewa ya yi jawabi a taro ba. Ya ce shekarun baya ya tsaya a nan ya ce sikelin Hamadu yana ci, to ƙarya ya faɗa ko da bai sani ba, sikelin Hamadu ne kaɗai mai gaskiya a layin nan a ranar. Ya ce duwatsunsa sun rame, an gwada an gani, kuma duk dutsen da ya daidaita da su ya bi su.

Sai kowa ya tuna da nasa duwatsun masu alamar Malum a gindi, wuri ya kaure. Wannan na cewa ashe ya daɗe yana biyan abin da bai saya ba, wancan na tsoron matan da ya sayar wa za su dawo masa. Hamadu ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce tambaya ɗaya gare shi.

"Dutse ba ya rama da kansa, Tahiru. Wa ya rage su?"

Ina bayan teburina na cusa bakin mayafi a baki na cije. Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi, kuma na ga Hamadu ma nema masa mafita yake yi, don muryarsa ba ta faɗa ba ce.

Yaya ya ce, "A hannuna suke. Ba mai alhaki sai ni."

Aka sake tambayarsa, ya sake faɗin haka. To, inda ka bar rami mutane za su cika maka. Wani ya ce hassadar sikelin lantarki ce ta sa shi ya goge su don ya kayar da abokinsa. Wani ya ce a'a, tun da can yana yi, da waɗanda yake haɗa baki da su. Mutanen da suka yi shekaru suna ba 'ya'yansu labarin ko goro Malum ba ya karɓa, su ne a yammacin nan suka ce ashe a ɓoye yake karɓa. Hadje Nasiha ta durƙusa gaban Hamadu tana neman gafara da kuka. Shi kuwa Hamadu ya daɗe yana kallon Yaya, yana jira. Da ya ga ba abin da zai ƙara, sai ya gyara hularsa ya nufi tasha. Sunansa ya dawo masa tas, yanzu in ya shigo gari har tashi ake yi a gaishe shi. Amma bai sake taka ƙarshen layinmu ba.

Yaya ya sayi sababbin duwatsu na farin ƙarfe, masu shaidar gwamnati, waɗanda ba kamarsu a kasuwar. Ba mai kawo masa ko sikelin tumatir. Kullum da safe zai buɗe rumfa, ya share, ya zauna, ya wuni yana kallon ƙafafun masu wucewa. In ya yi sallama ana amsawa ba a ɗago kai ba. Ni ce nake jin abin da ake faɗa in ya juya baya, kuma na tabbata shi ma yana ji, don kunnensa ƙalau yake.

Rannan da tsakar rana, zafi ya kori masu saye, na ji wani sabon ɗan shago da ko gemu bai gama fitarwa ba yana nuna shi da baki yana gaya wa baƙonsa wai ga ɓarawon zinaren can. Raina ya ɓaci. Na tsallaka na shiga rumfar na zauna a kan benci ba sallama. Na ce Yaya, ka sake ni daga alkawarin nan. Na ce Mairamu tana kabarinta, maganar mutane ba za ta same ta ba, kai kuwa da ranka suke cin namanka. Na ce ita ba ta sani ba, kai ba ka sani ba, to ina laifin faɗa?

Ya ce, "Wa ya ce miki ban sani ba?"

Ya ci gaba da magana yana kallon ƙasa, kuma ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba. Ya ce bayan cikin ƙarshe da ya zube, Mairamu ta yi watanni a kwance fuskarta na kallon bango, ba ta ci sai an matsa, ba ta magana. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da ita a tsakar gida, hannunta duk toka, duwatsun a jere a tire suna ƙyalli, ta ɗago tana kallonsa tana jiran abin da zai ce. Ya ce tun ranar farko Mesiye Léandre ya gaya masa ba a wanke su, ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga murmushi take yi.

"Sai na ce mata sun yi kyau."

Ya ce Juma'ar da ta biyo ya ɗauko kwaɗo zai kulle akwatin, ya tsaya da shi a hannu, ya mayar aljihu. Kowace Juma'a sai ya ce ta gaba. Yakan gwada su da junansu, ya ga sun yi daidai, ya ce wa kansa ba abin da ya ragu, alhali ya san tare ake dirje su.

Na ce, "Ranar Hamadu fa?"

Ya ce, "Ranar ma ya zo mini a rai. Tun ɗorawar farko. Na kore shi."

Ya ce da ya bar tunanin ya zauna, dole ya koma gida ya karɓe akwatin daga hannunta, ya gaya mata abin da ta yi shekaru tana yi masa. Ya ce ta rasu tana ganin ta taimaki mijinta a sana'arsa, kuma haka yake so a bar ta. Abin da ya faɗa a gaban mutane kuwa ba rufa mata asiri ba ne, iyakar gaskiyar ke nan.

Na so in yi masa faɗa saboda Hamadu, na so in yi kuka saboda shi. Da ƙyar na tambaye shi ko zai je Ngong ya gaya wa Hamadu wannan. Ya girgiza kai, ya ce me Hamadu zai yi da ita.

Aka kira la'asar. Ya mayar da tabaransa, ya ɗauki buta ya fita, ya je ya tsaya a ƙarshen sahu inda yake tsayawa yanzu. Ni kuma na zauna ina yi masa gadin rumfa har ya dawo.